Hilux ɗina tana karkarwa idan na kai gudun 100: taya ce, farfela ce, ko bakaksil?

"Assalamu alaikum, Oga. Ina da Hilux ta 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu, mai ogzilari (giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja). Kusan kullum ina kan hanyar Zariya zuwa Kano. A cikin gari lafiya lau take, amma da maleji ya taɓa 90 sai ta fara karkarwa, tsakanin 100 da 110 kuma abin ya fi tsanani, har madubin ciki ba na ganin abin da ke bayana sosai. A kujera da ƙarƙashin ƙafata na fi jin abin, sitiyari kaɗan yake motsi. An yi mini balansin sau biyu, an yi alaimen, na canza shokozoba na gaba, duk ba ta daina ba. Yanzu wani ya ce farfela ce, wani ya ce sai an sauke bakaksil. Tayoyin baya Beljiyam ne, wata huɗu ke nan da sayensu. Don Allah ina mafita?" Mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gode da ka bayyana abin dalla-dalla, domin rabin aikina ka riga ka yi mini. Idan na fahimce ka, motar ba ta da wata damuwa a ƙaramin gudu, rawar tana da iyakar gudun da take zuwa, ta fi fitowa ta jikin mota fiye da sitiyari, kuma ka kashe kuɗi a kan gyara iri uku ba a taɓa inda ke ciwon ba. Roƙona na farko: kada ka yarda a sauke bakaksil yanzu, wato tukunyar haƙoran da ke tsakiyar aksil ɗin baya mai raba ƙarfi ga tayoyin baya biyu. Shi ne mafi tsadar abin da aka ambata maka, kuma shi ne mafi ƙarancin zama mai laifi. Bakaksil idan ya fara lalacewa kuka yake yi, ko gurnani mai canzawa idan ka taka totur ko ka saki, ba kasafai yake fara gaisuwa da karkarwa ba. Kuma wanda aka sauke ba a mayar da shi da awo ba, sai ya dawo da kukan da bai taɓa yi ba.

Me ya sa sai a wannan gudun?

Ruwa ba ya tsami banza. Duk karkarwar da mota ke yi a kan kwalta mai kyau, wani abu ne mai juyawa ke haddasa ta, kuma kowane abu mai juyawa yana da nasa saurin. Tayar Hilux zagayenta mita biyu da rabi ne saura kaɗan. A gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa sau 11 zuwa 12 a kowace daƙiƙa. Idan akwai wani ɓangare nata da ya fi nauyi, ko ya fi tudu, sau 11 ɗin nan yake dukan motar a daƙiƙa. Ƙarfin dukan kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Busasshen taɓo mai nauyin giram 50 da ya manne a cikin rim, wanda ba za ka ji shi ba a gudun 40, a gudun 100 yana fizgar tayar da ƙarfin da ya kai na kilo biyar. Bayan haka, ƙafar mota, wato taya da rim da duk ƙarfen da ke rataye a sifirin, tana da saurin da ita kanta take son yin tsalle, kuma wannan saurin yana faɗawa ne daidai wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyin taya ya haɗu da shi, sai su zama kamar mai kiɗa da mai rawa, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Shi ya sa matsalar taya take bayyana tsakanin 80 da 115, wani lokaci ma idan ka wuce nan sai ta lafa. Lafawar ba warkewa ba ce.

Farfela kuwa, wato dogon bututun ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa bakaksil, ta fi taya sauri nesa ba kusa ba. Kafin taya ta juya sau ɗaya, ita ta juya kusan sau huɗu, gwargwadon haƙoran bakaksil ɗin motarka. A gudun 100 ke nan tana yin sau 45 zuwa 50 a daƙiƙa. Jiki yana bambance su. Ta taya jijjiga ce, kana ganin kujerar da ba kowa a kanta tana rawa, ruwan gora na tsalle, kusan kana iya ƙirga bugun. Ta farfela kuwa zuga ce, kamar ka ɗora ƙafa a kan injin markaɗe, tana sa tafin ƙafa ɗimuwa, tana cika kunne da wani gurnani mai zurfi, madubi kuma ya yi dishi-dishi ba tare da ka ga yana motsi ba. Maganar madubinka ita ce ta hana ni wanke farfela tun daga farko. Maganar tayoyin Beljiyam a baya kuma, tare da cewa a kujera ka fi ji, ita ta sa na fi zargin taya. Waɗannan biyun ne a gabanmu, kuma akwai hanyar raba gardama ba tare da an sayi ko noti ɗaya ba.

Wani abu da na lura da shi: tun da aka gyara kwaltar Zariya zuwa Kano, masu kawo irin wannan ƙorafi suka ƙaru a wajena. Ba motocin ne suka lalace a lokaci ɗaya ba. Da can ramuka ne ke ɓoye rawar, kuma ba a samun filin riƙe gudun 100 na minti goma a jere.

Gwajin da za ka yi da kanka

Ka nemi miƙaƙƙen wuri mai lafiya a kan hanyar, da safe kafin manyan motoci su yi yawa, ka ɗaura bel, ka ɗauki mutum ɗaya ya zauna a baya. Ka fara tafiyar kilomita 15 ko 20 tukuna domin tayoyi su yi ɗumi. Motar da ta kwana biyu a ajiye tayarta kan ɗan kwanta ta gefen da ke ƙasa, ta yi rawa da farko sannan ta miƙe. Idan taka ta ɓace bayan ɗumi, to wannan ce, kuma ba ta buƙatar komai sai iska daidai.

Idan ba ta ɓace ba, ka kai motar gudun da ta fi rawa, ka taka kulochi ka sa ta a firi, ka bar inji ya sauka, motar na gangarawa da kanta. Kada ka kashe inji ko da wasa, domin birki da sitiyari za su yi tauri a lokacin da ka fi buƙatarsu. Idan rawar ta tsaya yadda take, inji da kulochi sun fita daga zargi, saura abin da ke juyawa da gudun hanya: tayoyi, rim, gangar birki, farfela. Idan ta ɗauke nan take, to ko dai inji ne, ko kuma wani abu a layin farfela da ke nuna kansa sai an ɗora masa ƙarfi, kamar kuros (mahaɗin farfela mai siffar gicciye) da ya ci ko robar da ke riƙe giyabos. Domin raba waɗannan, ka riƙe gudun nan a giya ta biyar, ka sauko ta huɗu ba tare da maleji ya canza ba. Rawar da ta canza da canjin giya ta inji ce. A tsaye ma kana iya gwadawa: a firi, ka taka totur har allurar juyin inji ta kai inda take kaiwa a gudun 100. Idan ka ji rawar motar na tsaye, a duba fulogi da injin-sit, wato robar da inji ke zaune a kai, a bar tayoyi su huta.

Sannan ka taɓa birki a hankali daga gudun 100. Idan nan ne sitiyari ke kaɗawa, dis ɗin gaba ne bai daidaita ba. Idan feda ce ke bugun ƙafarka, kujera na amsawa, gangar baya ce. Ka kuma tsaya bayan tafiyar, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi sosai, birkinsa na riƙewa ko boris ɗinsa ya fara ci. Birki mai riƙewa yana kawo rawar da ba ta nan da farkon tafiya, sai an yi nisa ta taso.

Mutumin da ke baya aikinsa ya dafa ƙasa da gefen kujera ta dama da ta hagu, ya gaya maka inda ya fi ji. Idan yana da babbar waya, akwai manhajoji na kyauta masu auna girgiza. A kwantar da wayar a ƙasan mota, a ga lambar da ta fi tsayi, wato yawan bugu a daƙiƙa. Kusa da 11 ko 12, ko ninkinsu wajen 23, maganar taya ce. Wajen 45 zuwa 50 ko sama, farfela ce. Ni kaina ina amfani da wannan, kuma ya sha raba ni da gardamar masu mota.

Ka lura kuma ko rawar tana zuwa tana tafiya kamar numfashi, ta yi ƙarfi na 'yan daƙiƙu ta lafa ta dawo, alhali gudunka bai canza ba. Wannan alamar masu laifi biyu ce, galibi tayoyi biyu masu ɗan bambancin girma, wani lokaci bugunsu ya haɗu, wani lokaci ya saɓa.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi arha kuma mafi faɗin gaskiya: a mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya, kowace a gefenta. Idan rawar ta bar kujera ta hau sitiyari, magana ta ƙare, taya ce ko rim, kuma ka san waɗanne. Idan ta tsaya inda take kamar ba a taɓa komai ba, sai mu shiga ƙarƙashin mota. Amma kafin a kai tayoyin Beljiyam ɗin gaba, a duba su da kyau kamar yadda zan faɗa, domin tayar da ake zargin za ta fashe ba a sa ta a gaba a yi gudun 100 da ita. Idan akwai shakka, a yi amfani da sifiya, a riƙa musanya ɗaya bayan ɗaya.

An yi balansin, amma balansin me?

Nan ne nake so ka tsaya da ni sosai, domin nan mutane suka fi asarar kuɗi. Injin balansin nauyi kawai yake aunawa. Bai san ko tayar zagayayya ce ba. Ka ɗauki ƙwai, ka manna masa dalma har nauyinsa ya daidaita ta kowane gefe, injin zai nuna sifiri da sifiri, amma ƙwai ba zai gangara kamar ƙwallo ba. Tayar da wayoyin cikinta suka rabu da roba haka take: ta kumbura ta wuri ɗaya, ko haƙorinta ya karkace kamar tafiyar maciji, kuma duk dalmar duniya ba ta gyara ta. Wannan cuta ta fi kama tayar da ta daɗe, ta sha faci, ta sha rami, ko aka cusa ta cikin 'yan'uwanta uku ko huɗu a kwantena domin a rage kuɗin dako. Cusawar nan tana lanƙwasa bakin taya, inda wayar ƙarfe take, sai ta ƙi zama daidai a rim har abada. Haƙorin na iya zama kamar sabo, cikin kuwa ya gama.

Ga yadda nake dubawa. A ɗaga ƙafar da jak, a sa mata matokari, a ajiye bulo ko gwangwani a gaban tayar, a ɗora sukundireba a kai bakinsa ya kusa taɓa haƙorin. A juya tayar da hannu a hankali, ido a kan tazarar. Tayar kirki tazarar kusan ba ta canzawa. Idan ta matso ta ja baya har abin ya wuce milimita biyu, ni ba na yarda da ita a motar da ke bin babbar hanya. A maimaita ta gefen taya, sannan a bakin rim ciki da waje. Ciki ya fi muhimmanci, domin rami ta nan yake lanƙwasa rim, inda ido ba ya gani sai an kwanta. A shafa tafin hannu a kan haƙorin duk zagaye, hannu yana jin tudun da ido ya tsallake. Idan ka ji haƙorin hawa da sauka kamar an ɗiba da cokali, wannan aikin shokozoba ne da ya mutu, kuma ka ce na gaba kaɗai ka canza. A duba na baya, ko suna yoyon mai.

Ka karanta shekarun tayar. A gefenta akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyi, kuma da dalili. Tayar da aka yi domin sanyin Turai, ta tsufa a can, sannan ta zo ta hau kwaltar Kano a watan Afrilu da kaya a bayanta, ba ta da sauran haƙuri. Idan an ga kumburi ko karkacewa, wannan ya wuce maganar jin daɗin tuƙi. Taya ce ke sanar da kai za ta fashe, kuma fashewar tayar baya a akori-kura mai tsayi, a gudun 100, tana iya juya motar. Na ga abin da hakan ke bari a baya, ba na fatan ka gani.

Ko da tayar lafiyayya ce, balansin ɗin kansa yana iya zama ƙarya. Rim ɗin Hilux mai noti shida ne, raminsa na tsakiya babba, milimita 106. Yawancin masu balansin da mazugi ɗaya suke ɗaure kowace irin ƙafa, daga ta Corolla har ta Land Cruiser. Idan mazugin bai cika ramin ba, ƙafar za ta zauna a karkace a kan injin, a daidaita ta a karkace, a mayar da ita mota ta zauna daidai, sai dalmar da aka sa ta zama ita ce cutar. Gwajin mai sauƙi ne: bayan injin ya nuna sifiri, ka ce a kwance ƙafar, a juya ta rabi, a sake ɗaurewa a sake kunnawa. Idan ya sake nuna sifiri ko giram 5 zuwa 10, aikin ya yi. Idan ya nemi giram 30 ko 40, wurin ba su iya ɗaure ƙafarka ba, ka nemi masu farantin da ke kama rim ta ramukan noti. Ka kuma tsaya a kansu su cire tsohuwar dalma duka, su wanke taɓon cikin rim, su zare tsakuwar haƙori kafin su fara. Idan taya ɗaya ta nemi dalma mai yawa fiye da sauran, a sace iskar, a juya tayar rabi a kan rim, a sake gwadawa. Sau da yawa tudun taya ne ya haɗu da tudun rim. A sabuwar taya, ɗigon rawaya da ke gefe wajen da ya fi sauƙi ne, kuma saitin bawul ake sa shi.

Na taɓa samun wata da ta gagari injin balansin har sau huɗu, kowane juyi lamba daban. Da muka buɗe, kusan kofi biyu na ruwa muka tarar a ciki, haɗe da ruwan maganin faci da aka ɗura. Abin da ke yawo a cikin taya ba ya daidaituwa. Tankin iskar mai faci idan ba a zubar da ruwansa, cikin tayarka yake ƙarewa.

Sauran ƙananan abubuwa biyu a kan ƙafa. Na farko iska. Masu faci da yawa idan suka ga akori-kura sai su ɗura 50 ko 60, wai motar kaya ce. Bayan Hilux sifirin ɗin faranti ne mai tauri, an yi shi domin kaya. Idan babu kaya, iska kuma ta yi yawa, bayan tsalle yake yi a kan ƙaramin abu. Adadin da ya dace yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, na mota wayam da na mai kaya, kuma da safe ake aunawa taya na sanyi. Na biyu, idan rim ɗin ba na motar ba ne, irin na kwalliya da ake sayowa, raminsa na iya fin kan hob ɗin girma, ko notin bai dace da mazauninsa ba. An je neman ƙiba an samo rama ke nan. Tsatsa ko yashi tsakanin rim da ganga ma kaɗai ya isa. A goge fuskar, a ɗaure noti a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba a kewaye ba, kuma ba da tsayawa a kan sifana ba.

Alaimen da aka yi maka ba laifi, amma ba maganin rawa ba ne. Yana gyara ja gefe da cin taya. Haka tayarod da boljoyin da bushin: idan sun saki suna ƙara wa rawar murya, musamman a sitiyari, amma ba su ke haifar da ita ba, domin ba sa juyawa. Inda abin ya bambanta shi ne motoci masu aksil ɗin gaba guda ɗaya da ya haɗa ƙafafun biyu, irin Land Cruiser akori-kura da ke bin hanyoyin Agadas, waɗanda sakin gaba kan sa sitiyari ya kama kaɗawa da ƙarfi bayan an daki rami har sai an rage gudu. Taka kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, ba ta cikin wannan.

Idan tayoyi sun fita

To sai farfela. A Hilux mai ƙofa huɗu ta baya gida biyu ce, da boris a tsakiya zaune cikin roba, da kuros a mahaɗai. A ajiye motar a wuri mai daidai, a tokare tayoyi da duwatsu gaba da baya, a ja birkin hannu, a sa giya a firi domin farfelar ta saki. A kama ta da hannu biyu kusa da kowane kuros, a murɗa, a ɗaga sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan. Jan gari kamar na bulo a bakin kofinsa alama ce ya bushe yana cin kansa. Akwai kuma wanda ba ya wasa don ya ƙage, shi ba a gane shi sai an sauke farfelar an lanƙwasa mahaɗin da hannu an ji yana cijewa. Irin wannan ya fi yaudarar makanikai. A tura farfelar a wajen boris na tsakiya, idan robar ta tsage ko ta zauna, za ta yi lilo. Alamar wannan a hanya ita ce ɗan girgiza lokacin tashi daga tsaye, musamman da kaya, sannan zuga a babban gudu. A dubi jikin bututun: lotsawa daga dutse, waya ko leda da ta naɗe, ko tabon walda inda ƙaramin ƙarfen balansin ya faɗi. Kamfani ba ya yarda karkacewar bututun ta kai ko milimita ɗaya.

Abin da ba ka faɗa ba, kuma ina so ka tuna: an taɓa sauke farfelar nan kafin rawar ta fara? Canjin kulochi, gyaran giyabos, canjin boris na tsakiya, duk sai an cire ta. Kuros idan yana aiki a kusurwa ba ya juyawa da sauri ɗaya, yana ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane zagaye. Na ɗaya ƙarshen ne ke soke wannan, amma sai idan kunnuwansu suna saitin da kamfani ya sa su. Wata Hilux ta zo mini bayan mai ita ya sayi sababbin tayoyi huɗu a banza. Da na tambaye shi, ashe wata biyu kafin nan an yi masa kulochi, yaron da ya mayar da farfelar ya zare gidan mai zamewa ya mayar ya tsallake haƙora biyu. Muka mayar da ita kan alamarta, muka sa giris, rawar ta tafi ba a sayi komai ba. Tun daga nan, a garejina ba a kwance farfela sai an ja mata layin fenti a kowace mahaɗa. Giris ɗin ma, farfelar Hilux mai ogzilari tana da kawunan ɗura shi, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa wajena ba su ga giris ba tun da aka sayo su. Motar da ke ratsa ruwa da damina ta fi buƙata.

Kusurwar kanta tana iya ɓaci. Idan an ƙara faranti a sifirin domin ɗaukar kaya, ko an ɗaga motar, ko sifirin ya kwanta, ko kusar tsakiyarsa ta karye aksil ya goce, hancin bakaksil ba ya kallon inda ya kamata. Gwada wannan: ka ɗora buhu huɗu ko biyar na masara a baya ka bi hanyar nan. Idan zugar ta canza sosai, kusurwa ko boris na tsakiya na da hannu. Tunda motarka mai ogzilari ce, makaniki na iya cire farfelar baya gaba ɗaya, ya sa ogzilari na gudu, a yi ɗan gajeren gwaji da ƙafafun gaba kaɗai. Idan rawar ta ɓace, an kama ɓarawo. Sai an tokare tayoyi kafin a cire, domin giya ba ta riƙe motar da ba ta da farfela. Ka kuma tabbatar ba a ogzilari kake tafiya a kan kwalta ba, domin irin na Hilux ba a yi shi don busasshiyar kwalta ba.

Abin da ba na so a yi maka shi ne ɗaga baya a kan jak ɗaya a sa giya a taka har 100. Idan ƙafa ɗaya ce a sama, tana juyawa ninki biyu na abin da maleji ke nunawa, kuma motar na iya zamowa. Idan za a yi, a kan matokarai masu ƙarfi ne, ƙafafun biyu a sama, ba kowa a gefen taya.

Farfelar da ta lanƙwashe ko ta rasa balansin, ban yarda da miƙe ta da wuta da guduma ba. Abin da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa ba a daidaita shi da ido. Ko a kai ta wurin masu injin balansin farfela, ko a nemo wata lafiyayya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a gwada tsawonta da fuskokinta da taka, da sharaɗin mayarwa idan ba ta yi ba. Kuros kuma a sayi mai kyau, a tabbatar zoben da ke riƙe kofunan ya zauna daidai ta kowane gefe, domin kuros sabo da bai zauna a tsakiya ba shi ma rawa yake kawowa.

Ban hau motarka ba, ban ji ta da jikina ba, kuma rawa aba ce da kunne da tafin ƙafa ke yanke wa hukunci fiye da rubutu. Yana yiwuwa kuma matsala biyu ce a haɗe, a gyara ɗaya rawar ta ragu ba ta ƙare ba. Akwai ma tayar da ke zagayayya a ido, balansin daidai, amma gefenta ɗaya ya fi tauri, ita sai injin da ke danna taya da nadi yana aunawa, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. A nan musanya da ƙafafun wata Hilux mai lafiya na rabin awa shi ne madadin. Amma bisa abin da ka rubuta, da motar a gabana take, da tayoyin bayan nan zan fara, yau ɗin nan, da bulo da sukundireba, sannan musanya, sannan sake balansin da gwajin juya rabi. Farfela ta biyo baya idan waɗannan sun fita. Kafin ka yi haka, ka riƙe ta ƙasa da 80, kada ka ɗora mata kaya mai nauyi da tsakar rana. Idan kuma ka ji ƙarar ƙarfe "kwal" daga ƙasa lokacin sa giya, ko rawar ta fara saukowa zuwa 60 da 70, ka ajiye ta har a duba. Ka rubuto mini sakamakon gwajin firi, da na musanyar tayoyi, da lambobi huɗu na DOT da ke jikin na bayan. Allah Ya kiyaye hanya.